Ƙotar da Na Dafa Shayi da Ita

Da za a ba ni rana ɗaya in koma in gyara, ba ranar da na gudu daga lakwal, makarantar boko, zan zaɓa ba. Wata la'asar zan zaɓa, a gefen hanyar Damagaram zuwa Gure, inda na sa ƙafa na karya ƙotar bindigar mahaifinmu Mele, na tura ta ƙarƙashin butar shayi. Ni na yi da kaina, ba wanda ya sa ni. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne na gaji da jin yadda kuke ba da labarin, ku 'ya'yana da ku 'ya'yan Yaya Kyari. Wannan ya ce gadon raƙuma ne ya hana ni da yayana cin tuwo a akushi ɗaya, wancan ya ce garka ce, lambun nan na kwari, har na ji wata a cikinku tana raɗa wai mace ce. Wace mace? Itace ne, bai kai tsawon damtse ba, sai kuma roba.

Bindigar mai baki ɗaya ce, irin wadda ake karyawa a zura harsashi. Da Baba ya rasu aka raba dabbobi, aka raba garka, ita kuwa ba ta rabuwa, sai aka bar mana ita mu biyu. A baki kenan. A zahiri ta Yaya ce, don shi ya gaji farautar. Duk yankinmu, daga Kelle har Gidigir, in dila ya addabi awaki ko kura ta shiga garke, shi ake aiko wa, kuma in maharba suka taru shi ake ba bugun farko. Ni a lokacin apiranti ne, wato yaron mota, a wata kamiyo, babbar mota mai jigilar hatsi da kanwa, ina shigowa gida in kwana biyu in fita.

Ƙotar nan karkatacciya ce. Ba ɗan karkata nake nufi ba, ta lanƙwasa sosai daga wuya, kamar sandar da aka bari a rana. Baba ne ya sassaƙa ta da icen aduwa. Ta tsufa, ta tsage a gefe, an ɗaure da ɗanyar fatar raƙumi, fatar ta saki an ƙara da waya. Zan gaya muku tun yanzu abin da ni ban sani ba a lokacin, don kada ku wahala kamar yadda na wahala. Idon Yaya na dama ba ya gani. Ƙayar ƙandili ce ta soke shi yana saurayi, yana bin wani amalen raƙumi a guje, ni ina can lakwal a gidan kawunmu. Idon ya warke a waje, in ka dube shi lafiya lau, amma ya mutu a ciki. Baba ya san ba wanda zai bi maharbi mai ido ɗaya zuwa ramin kura, sai ya shiga daji yana neman reshen da Allah ya lanƙwasa da kansa, ya sassaƙa ƙotar da za ta zauna a kafaɗar dama ta kawo bakin bindiga daidai idon hagu. Baba ya sani, Inna ta sani, Falmata matar Yaya ta sani. Ni kaɗai a gidan aka bari a duhu, ni da ke da rabi a bindigar.

Kullum na ɗauke ta sai in ji kunya. In na saita zabo, harsashi ya tafi neman ƙanensa a wata gona. Abokaina apirantai suka sa mini suna Mai Gargaɗi, wai ni ba kashe nama nake ba, sanar da shi nake ya gudu. Na san ba hannuna ba ne, ƙotar ce, kuma a nan gaskiyata ce. Na sami Yaya da maganar yana gyaran akala a zaure.

"Yaya, ƙotar nan ta mutu. Ta karkace, ta tsage. Mu sake ta."

"Ta taɓa kai maka ƙara?"

"Ba wanda zai iya saiti da ita."

"Ni da me nake saiti, Ɗan Lakwal? Da ludayi?"

"To me ya sa ta karkace haka?"

"Jeka ka wanke motarku."

Iyakar amsar kenan. Na je wurin Inna. Ku da ba ku riske ta ba, ku sani Yaya ɗan farinta ne, kuma Inna mace ce ta da. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama inda ake zancensa, in ta ga yana rashin lafiya ma sai dai ta aika Falmata da magani ta ce na maƙwabta ne. Mace irin wannan ce za ta buɗe baki ta yi mini bayanin idonsa? Tana tankaɗe, ba ta ɗago kai ba.

"Inna, ƙotar Baba ta karkace."

"Hanyar rijiya ma karkatacciya ce, kuma ana shan ruwa."

"Ba karin magana na zo nema ba."

"To ka bar kayan mutane."

"Ai nawa ne ni ma."

"Rabin jaki naka ne, sai ka yanke wutsiyar?"

Har yau in na tuna wannan zance raina yana ɓaci. Kalma ɗaya ta isa. Ido. Da wani ya ce mini ido, da duk wannan bai faru ba. Amma gidanmu gida ne da za a bar ka ka faɗa rijiya don kada a ambaci sunan wanda ya haƙa ta. Allah ya jiƙan Inna, na yafe mata, amma na faɗa.

Shekarar kuwa ta fari ce, babban farin nan da ya cinye shanu. Damina ta yi ƙarya, gero ya bushe a tsaye, rijiyoyin kwari suka ja baya. Yaya ya kora raƙumanmu kudu neman ciyawa, ya bar bindigar a rataye, don a lokacin hukuma ta matsa wa masu yawo da bindiga, ba ya son fitinar jandarma a hanya. Ni kuwa na naɗe ta a tabarma, na cusa ƙarƙashin buhunan kanwa, muka nufi Damagaram. Akwai wani bakanike a can, Isufu, wanda ba abin da ba ya taɓawa. A garejinsa na taɓa ganin wata matacciyar bindiga da wani Bature mai haƙa rijiyoyi ya bari, bakinta ya fashe amma ƙotarta lafiya lau, ta roba, baƙa wuluk, miƙaƙƙiya kamar alƙalami.

Kada ku ce wauta ce zalla ta kai ni. Roba tana da hujjarta, kuma har gobe ba zan yi mata ƙarya ba. Gara ba ta cin ta. Ba ta kumbura da damina ta tsuke da rani, ba ta tsagewa, ba ta neman a shafa mata mai. Ba ta da nauyi, wanda ya yi yini yana hawa tudun rairayi ya san darajar wannan. Isufu ya jefa ta ƙasa, ya taka, ya zuba mata ruwan batir, ta tashi tana sheƙi. Aibinta sai daga baya na gani: in rana ta buge ta ba ka iya manna kunci, in hannu ya yi gumi tana sulɓi, in ta bugi reshe tana ƙara kamar gora, kuma saboda rashin nauyin in ka harba tana haurin kafaɗa kamar jaki. Babban aibin kuma, yadda aka zubo ta haka za ta mutu. Itace ana bin sa da gizago har ya dace da mutum. Roba kai za ka dace da ita.

Isufu ya yini yana gurzawa da magagari har ta zauna a jikin ƙarfen, ya ɗaure da doguwar ƙusa mai murɗi. Ya ɗago tsohuwar yana jujjuyawa.

"Apiranti, wannan fa? Wanda ya sassaƙa ta ko barci yake ji?"

"Tsufa ne ya lanƙwasa ta."

"Tafi da abinka, kada ta shafa wa kayana karkata."

Muka yi dariya. Na jefa ta bayan mota. A hanyar dawowa taya ta yi faci, muka tsaya a wani fili da ko kara babu, dabbobi sun cinye komai. Maigidana direba ya ce shi ba zai taɓa jak ba sai ya sha shayi. Na duba hagu da dama, babu ice. Sai na tuna. Na jingina ta da dutse na taka, ta ƙi, na sake takawa ta bi tsagar nan ta rabe. Aduwa akwai ci da wuta, ba hayaƙi, ga garwashi mai daɗewa. Mun sha na farko, mun sha na biyu, mun sha na uku, direba yana cewa rabonsa da shayi mai daɗin wannan tun yana soja.

Washegari na fita bayan gari na kaɗo zabi biyu da bugu biyu. Na shigo gida da su a kafaɗa kamar wanda ya ci yaƙi. Falmata ta dubi zabin, ta dubi bindigar, ta ajiye muciya.

"Audu, ina ta da?"

"Ta yi aikinta na ƙarshe."

"Ina ka ajiye ta?"

Na gaya mata, ina dariya. Ta shiga ɗakin Inna, na ji suna magana ƙasa-ƙasa, suka fito kowa ta kama aikinta. Ko a nan ma ba wadda ta ce mini ido. An dafa zabin, Inna ta ce haƙorinta na ciwo.

Yaya ya dawo da abin da ya rage na raƙuma, ya rame, leɓensa duk ya fashe. Bai ko sha ruwa ba na kawo masa bindigar, ina jiran yabo. Ya karɓa, ya ɗora a kafaɗa, ya sauke. Ya sake ɗorawa, ya karkata kai, ya sauke. Ya ƙwanƙwasa ƙotar da farce.

"Mene ne wannan?"

"Roba ce, Yaya. Irin ta Turawa. Ba gara, ba tsagewa."

"Bokiti ka liƙa wa bindigar Baba."

"Zabi biyu na kashe da ita."

"Ina itacen?"

Da na faɗa masa, sai ya zauna a kan turmi. Na zaci zai mare ni, kuma da ya mara da ya fi mini. Sai kawai ya ce da Falmata ta ba shi ruwa.

Ba a ba shi lokaci ba. Mushe ya yi yawa a daji a shekarar, kuraye sun ƙoshi sun yi ƙarfin hali, da mushen ya ƙare suka koma kan masu rai. Wata ta tare a cikin duwatsu wajen Gidigir tana ɗaukar 'yan raƙuman da suka tsira, na mutanen da ba abin da ya rage musu sai su. Aka aiko wa Yaya. In ya ce ba zai je ba, za a tambayi dalili. In ya ari bindigar wani, ita ma miƙaƙƙiya ce. In ya ɗora a kafaɗar hagu, hannunsa bai saba ba, kuma maharba ba makafi ba ne, kafin ya sauke sun gane. Ya ɗauki bindigar ya fita. Na bi shi, wai in ga yadda robata za ta yi suna.

Da hantsi aka kewaye ramin. Aka tura ɗanyen ganye da wuta ta baya, karnuka suna haushi ta gaba. Tsoho Maina, wanda ya yi farauta tare da Baba, ya dubi ƙotar ya yi murmushi.

"Kyari, ta yara ka ɗauko mana yau? Ko ruwa take fesawa?"

Aka yi dariya. Yaya ya durƙusa a gaban ramin inda ya saba durƙusawa. Kurar ta fito, ƙatuwa, tana tari saboda hayaƙi, kusa ƙwarai, ko da dutse ka jefe ta ka samu. Ya ɗora a kafaɗar dama kamar kullum, ya harba. Harbin ya tafi hagu. Karen Maina ne a wajen, wani ja mai suna Durwa, wanda tsohon ke raba furarsa da shi. Ko kuka bai yi ba. Kurar ta bi ta tsakanin mutane ta haye dutse, kowa ya daskare, ba wanda ya tuna da tasa bindigar, don ba a taɓa buƙatar bugu na biyu bayan na Yaya ba.

Maina ya tsuguna kan karensa ya daɗe. Da ya tashi, bai ɗaga murya ba.

"Ɗan Mele, ubanka bai taɓa kuskuren kura ba. Kai ma ba ka taɓa ba. Me ya same ka?"

"Kuskure ne, Baba Maina."

Ni kuwa, don Allah ku ji wautata, sai na sa baki na ce bai saba da ita ba ne, in ya saba zai ga ta fi ta da. Ba wanda ya dube ni.

Da muka isa gida Yaya ya wuce kai tsaye murhun Falmata. Ya sa ta kawo man shanu. Kun san yadda makiyayi ke lanƙwasa sanda: a shafe ta da mai, a gasa a kan garwashi a hankali, in ta yi laushi a danne ta da gwiwa har ta ɗauki siffar da ake so. Abin da ya sani kenan, kuma da itace ne da ya yi. Ya shafe robar da mai, ya kara a garwashi yana juyawa. Na ce masa ba a yi mata haka. Bai saurare ni ba, kuma me zai sa ya saurare ni? Wari ya cika gidan, maƙwabta suna leƙe ta kan danga. Ya sa gwiwa ya danna. Ashe cikinta rami ne. Ta lotse gaba ɗaya, ta manne a wandonsa, tana ɗiga baƙi-baƙi cikin wuta. Ya tsaya riƙe da ƙarfe tsirara.

Raina ya ɓaci, na manta da wa nake magana.

"Ka ƙone ta. Saboda taurin kai ka ƙone ta. Ba ka son abin da ya fito daga hannuna, shi ke nan. Tun ina yaro haka kake mini."

Ya ajiye ƙarfen a hankali.

"Audu, zo ka tsaya nan. Ta damata."

Na tsaya.

"Ka tsaya?"

"Ga ni kuwa."

"To ba na ganinka. Tun kana lakwal ba na ganin wanda ya tsaya nan."

Inna tana bakin ɗakinta. Ta juya ta shige ciki. Ni kuwa abin da ya fara zuwa mini ba bindiga ba ce, akushi ne. Shekara da shekaru ta damarsa nake zama in za mu ci tuwo. In miƙa masa ruwa ya bar hannuna a sama, in yi masa magana ya juyo da dukan jikinsa kamar wanda aka dama. Na tara wannan duka a ciki na kira shi raini.

"Me ya hana ka gaya mini?"

"Me ya hana ka jira in dawo?"

Maƙwabta kuwa sun ji komai ta kan danga. Kafin kasuwa ta ci, duk Gure an san Kyari ɗan Mele ido ɗaya gare shi. Abin haushin, mutanen da suka yi shekaru suna cin naman da ya harbo da idon nan guda, su ne suka fara cewa ai dama sun lura. Da aka sake fita kan kurar, wani aka ba bugun farko. Ba a ko aiko masa ba. Ya kai wa Maina ɗan kwikwiyo, tsohon ya karɓa don kunya, amma bai sake zama a zaurenmu ba.

Na yi ƙoƙarin gyarawa. Duk inda kamiyo ta tsaya sai in shiga daji ina duban rassan aduwa, har direba ya ce aljanu sun taɓa ni. Na sami wani mai lanƙwasa, na kai wa masassaƙi a Kelle, ya yi iyakar yinsa. Na kawo wa Yaya. Ya ɗora a kafaɗa sau ɗaya ya miƙo mini.

"Ta yi kyau. Baba sai da ya yi damina yana aske tasa kaɗan-kaɗan, ina harbi yana gyarawa. Amma ba wannan ba ne. Ko ta dace, wa zai tsaya ta gefena da karensa?"

Bai sake farauta ba. Ya koma garka a kwari, yana noman rogo da albasa, yana ban ruwa da jigo, mutumin da ake yi wa kirari a kasuwa. Ya sa aka riƙa kai masa tuwonsa can. Bai zage ni ba, bai kai ni ƙara wurin kowa ba, in mun haɗu ya amsa gaisuwa ya wuce. Wannan shirun ya fi ƙona mini rai fiye da komai, kuma na san halinsa, ya san haka.

Sai da Inna ta rasu, tsufa ya kama mu duka, idon hagun ma ya fara hazo, sannan wata Juma'a na same shi a ƙofar gida yana laluben takalmi. Babura sun yi yawa a gari a lokacin. Na tsaya nesa kaɗan, ban san ko zai so ba.

"Wane ne?"

"Audu ne, Yaya."

"To me kake jira? Bi ta damata, Ɗan Lakwal. Ko ba ka iya harbi ba, ka iya cewa ga rami."

Haka muka riƙa zuwa masallaci har Allah ya karɓi abinsa. Ina cewa ga rami, yana cewa ya gani, alhali bai gani ba.

Yanzu ku ma kuna da abubuwan da ba su rabuwa a tsakaninku, rijiya da dabino da gidan nan. Roƙona gare ku biyu ne. Mai ciwo ya buɗe baki ya faɗa wa ɗan'uwansa, kunya ba ta taɓa warkar da kowa a gidanmu ba. Wanda kuma ya ga abu a karkace, ya tambaya, in ba a amsa ba ya sake tambaya, in an kore shi ya dawo gobe. In duk da haka ya ƙi haƙuri sai ya sake, to don girman Allah ya ajiye tsohon a ƙarƙashin gado har mai shi ya dawo daga kiwo.